Suri da kilabiyen Isuhu, shekara bakwai bayan rasuwarsa

Shekara bakwai ke nan da muka binne ƙanena Isuhu a Filinge. Har yau in na bi ta bakin tasha, inda shagonsa na wasannin ordinata, wato kwamfuta, yake a da, sai na rage tafiya. Yanzu hatsi ake sayarwa a ɗakin.

Ya buɗe shagon ne a shekarun da soja suka karɓi mulki, wancan karon. Injina huɗu ne, tsofaffi, da suri mai ƙwallo a ciki, wato ɗan abin nan da ake ja bisa tebur don a nuna wa ordinata inda za ta taɓa. Rairayi kan shige ciki ya maƙale, Isuhu ya zauna yana gogewa da gefen rigarsa. Kamfani ɗaya yake bi, ba ya canzawa. Da suka fito da suri mai jan haske a ƙasa, ya kawo shi gida ya ajiye a tafin hannuna.

"Yaya, duba wanga. Babu ƙwallo, ido gare shi."

Na ce, "To mi zai ƙara maka?"

Ya yi dariya kawai. Bayansa aka yi mai maɓallai a gefe, na babban yatsa, sannan kilabiye, wato allon buga rubutu, mai ƙara kamar ana fasa gyaɗa, haruffansa na canza launi. Samari daga Tabla da Bonkuku kan zo ranar kasuwa su yi layi, yawancinsu don wasan harbe-harbe. Da safe kuma, kafin su zo, yakan koya wa 'yan mata buga rubutu.

Da ya ji an fito da suri marar waya, sai ya tafi Yamai ɗauko shi. Inna ta hana, don lokacin an fara tare motoci. Ya ce mata, "Inna, kwana ɗaya ne." A hanyar dawowa mutane kan babura suka buɗe wa motarsu wuta. Gawarsa da kwalin kayan a mota ɗaya suka iso. Inna ta ce kada kwalin ya shigo mata gida. Na kai wa wani abokinsa, ban sake tambaya ba.

Watan jiya na je Yamai, na ga sabon samfurin kamfanin a wani shago. Surin duk huji ne a bayansa, ba shi da nauyi ko kaɗan. Na riƙe shi, na rasa wa zan nuna wa. Da Isuhu na nan, na san sai ya juya shi ya leƙa ƙasansa. Amma ina zai kai shi? Soja sun sake dawowa mulki, wuta ba ta zama, ƙauyuka da yawa sun watse sun taru a gari, samari kuma a waya suke wasansu.

Da na dawo, a shingen shiga Filinge, wani soja ya karɓi katina, ya dube ni.

"Hajiya, ke ce yayar Isuhu mai ordinata? A shagonai na fara koyon saitin harbi."

Ya faɗe shi ne don ya faranta mani. Na yi masa addu'a, na shiga mota. Ban san abin da Isuhu zai ce da wannan ba, shi da ko kaza bai iya yankawa.

Akwai kuma Rakiya, ɗaya daga cikin 'yan matan safe. Yanzu ita ke buga takardu a ma'aikatar magajin gari, da yatsu goma, ba ta kallon kilabiye. Ta ce mani a da takardun haihuwa suka fi yawa a teburinta. Bana na mutuwa ne.

Allah Ya jiƙanka, Isuhu. Hannuwan da ka koyar duk suna aiki.