Jan Tabo a Bakin Tekun Yanbu

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Aziziya a Madina, ni da wanet ɗina, tsohuwar a-kori-kura, da wani dakta da kafilina, maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya haɗa ni da shi. Daktan ɗan ƙasa ne, amma kakansa daga Katsina ya zo hajji ya zauna. In na yi masa Hausa yana ji sarai, sai ya amsa rabi da Larabci. Tun daga nan ban saki jiki da shi ba.

Ya ce Yanbu za mu, ɗibar ruwan teku a kwalabe. Wa ke barin Madina don ruwan gishiri?

A Badar muka karya da ful da tamis, wake da burodinsu ke nan. Shayin kamar an wanke tukunya, kuɗinsa kuma ya fi na gida. Nan ya warware wata babbar takarda a kan tebur, ya danne gefenta da kofuna. Wai hoton bakin teku ne, tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama, da shi suke gane inda ruwa ya ɓaci. Teku baƙi, hamada fara. Sai wani jan tabo, daidai inda wata korama ke shiga teku.

Na ture kwanon ful ɗin gefe. Na san wurin. Bara, sau uku ina kai durom-durom na baƙin mai daga garejin kafilina ina tuttulewa a can, don ko kwana ɗaya ba a son su a Madina kuma ina da lodi a Yanbu. Yanzu ga shi an shafa masa ja, irin wanda malami ke sa wa yaron da ya faɗi. Na ce a raina, an shirya mini. Ikamata, takardar zama a ƙasar, ta tafi, sai jirgin Kano, yara biyar a baya.

Hanya daga Badar shimfiɗaɗɗiya ce, manyan motoci sai kwasar bututu suke zuwa matatar mai. Ban ga komai da kyau ba. Madubi kawai nake dubawa ko akwai mai bin mu.

Muka sauka daga kwalta, muka bi yashi har bakin ruwa. Ba ja ko ɗigo. Wasu gajerun itatuwa ne tsaye cikin ruwan gishiri, kore shar, Larabawa na ce musu shura.

Na ce, "Dakta, ina jan?"

Ya yi dariya. "Ya ammi, baffa, ga shi nan gabanka. Na'urar haka take, duk ganye mai rai ja take nuna shi. Ja alheri ne."

Na sauke numfashi. Sai ya zaro hoto na biyu, na shekarun baya. A cikinsa jan ya fi faɗi. Ya ɗora yatsa inda ya ɓace a sabon hoton, ya ce abin da ya kawo mu ke nan.

Muka taka zuwa wurin. Itatuwan sun bushe ƙayau. Ya luma kwalba cikin laka, ta fito da maiƙo yana walƙiya. Warin garejinmu ne, ko ido rufe na san shi.

Ya toshe kwalbar, bai dube ni ba. "Tun da muka bar kwalta ban nuna maka hanya ba. Kai ka kawo mu."

Na juya na nufi mota.

A Yanbu ya saya mana soyayyen kifi da shinkafa. Kifin ya fi na Madina arha da daɗi, in ji shi. Ni dai taunawa nake. Can na ajiye cokali na ce, "Sau uku ne."

Ya ce, "Tayyib. Ni ruwa nake rubutawa, ba sunaye ba. Amma tauraron zai sake wucewa, ni ma zan dawo."

Mun shigo Madina bayan la'asar. Har yau ba wanda ya buga mini ƙofa, ko da yake duk sallamar da ban san muryar ba sai gabana ya faɗi. Na tafi ina tsoron jan tabo, ashe inda babu jan ne aikina. Makon jiya kafilina ya nuna mini durom huɗu, ya ce tunda na san hanya. Na ce masa hanyar ta mutu, sai dai ya nemi mai sayen baƙin man.