Rawar Inna da Ban Gani Ba

Matso kusa ka ji, don wannan ba labarin da nake ba kowa ba ne.

A tsakiyar shekarun casa'in aka kai ni aure Sule Tankarkar daga Gumel. Mu uku ne a gidan: ni, da maigidana mai kai hatsi kasuwar Maigatari, da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Ni ba mai yawo ba ce, ko yau ka zo a bakin murhu za ka same ni, saboda haka da Inna nake wuni.

Ciwon makyarkyata ne ya kama ta. Hannun dama ne ya fara karkarwa, daga baya abin ya sauka ƙafa. Sai ta miƙe lafiya lau, tana zuwa bakin ƙofa ƙafafun su kafe kamar an dasa su. Ta yi ta ƙoƙari, gumi na tsiyaya, ba gaba ba baya. Daga ɗakinta zuwa makewayi bai kai taku ashirin ba, amma sai na rataya hannunta a wuyana ina ja. Ran da ɗanta yake gida kuwa, cak yake ɗaukarta. Wannan ya fi ciwon ci mata rai. Ta rage shan ruwa, ta daina karɓar fura, don kada fita ta kama ta. Na gane sarai, amma suruka ce, me zan ce?

Wata rana da hantsi maƙwabta suna dakan suna, mata uku a turmi ɗaya suna lugude. Ina wanke-wanke sai na ji takun silifas a bayana, yana sauka daidai da taɓarya. Na waiga, ga Inna ta tsallake dokin ƙofa ita kaɗai, tana tahowa kamar ba ita ba. Matan suna tsayawa don juya gero, ita ma ta kafe a tsakar gida.

Bakina bai riƙe ba, na gaya wa maigidana, shi kuma ya gaya wa yayarsa da ta zo daga Gagarawa. Ita ta ce abu biyu ne: ko dai Inna tana iya tafiya son a lallaɓa ta ne, ko kuwa iska ce, tunda sai ta ji kiɗa take motsi. A gaban Inna ta faɗa.

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti a layinmu, Kirista ce daga wajen Filato, takan shigo tsinkar zogale. Na ba ta labari. Ta ce ba ƙarya ba ce, ba kuma iska ba. Ciwon ba a ƙafa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Wurin da ke gaya wa ƙafa lokacin ɗagawa ne ya gaji, amma in kunne ya kawo mata lokacin daga waje, sai ta bi. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma wannan na gane shi, don ko a turmi ba ka tunanin yaushe za ka sauke taɓarya, ta 'yar'uwarka kake saurare.

Maigidana ya sayo kaset ɗin kiɗan ƙwarya a Maigatari. Bai yi ba. Kaset ba ya jira, gudunsa yake yi, Inna na tsaye. Sai na cika baho da ruwa, na kifa ƙwarya, na ɗauki ludayi na zauna kusa da ƙofarta. Ta dube ni ta ce, "'Yar Gumel, in za ki kaɗa, juya mini baya."

Na tambaye ta ko na yi laifi ne. Ta ce, "Ƙafafun nan in suka ji ƙwarya ba tafiya suka sani ba. Kuma ba a gaban matar ɗana ba."

Ashe da ƙuruciyarta a Ɗanzomo, in ana biki ba a tashi sai ta shiga fili.

Haka muka yi kusan shekara biyu. Nakan fuskanci katanga, na soma kiɗa a hankali, ina jiran takun silifas. In na ji tana jan ƙafa sai na rage, in takun ya daidaita na ƙara. Zuwa, tafiya ce. Dawowa kuwa, wani abu ne daban. Taku biyu gajeru, ɗaya mai tsawo, sai ɗan shiru da na gane juyi ne, awarwaronta na amsawa. Wani lokaci sai ta wuce ƙofar ɗakinta ta sake zagaya tsakar gidan, ina ji tana dariya ƙasa-ƙasa tana ce mini hannuna ya yi sanyi, ko a Gumel ba a cin tuwo ne. Ta koma shan furarta, har ƙari take nema. Ba wanda ya sake ɗaukarta, sai a makonta na ƙarshe.

Da ta rasu, tsofaffin mata suka zo gaisuwa daga Ɗanzomo. Ɗaya a cikinsu ta yi ta ba da labarin yadda Inna take karya kafaɗa, da yadda take ɗaga gefen gyale in za ta juya. Ta dube ni ta ce ai ni ban same ta da ƙarfinta ba, na yi rashi. Na sunkuyar da kai. Ni da nake kaɗa mata kullum, taku uku tsakanina da ita, ko kafaɗar ban taɓa gani ba. Har yanzu in ina daka ni kaɗai sai in ji taɓaryata ta kama wancan takun, biyu gajeru, ɗaya mai tsawo, in yi ta zana sauran a raina ban san ko daidai nake zanawa ba.

Da waige ɗaya kawai ya ishe ni, kuma da ba za ta ma sani ba. Kai da kake saurarena, da kai ne a gaban katangar nan, da ka waiga?