Ƙullin da Gwaggo Eusebia ta hana wuta

A duk tsaunukanmu babu mai idon Gwaggo Eusebia, ƙanwar babana. Da idon nan take zura duwatsun ado a zare. Da shi take gano hikuri a hamadar Wirikuta, ɗan tsiron nan mai ɗaci da ke lafewa a ƙasa, har mutum ya taka shi bai gani ba. Da shi kuma take sanin wanda ya bi ta bayan gonar wani, kuma wannan ne ya sa ake tsoronta.

In ta samu hikuri, kan kawai take yankewa ta bar saiwar. 'Yan birnin da ke zuwa su tumɓuke shi don su ga launuka su yi dariya kuwa, ba sa shan ruwa a wurinta. Ta taɓa bin wasu da sanda har bakin motarsu, tana cewa, "Maganin kakanninmu ne, ba giyar biki ba!"

Amma inda Gwaggo ta fi shahara shi ne zangon da muke yi kafin shiga hamada, in mun tashi tafiyar ibada ta neman hikuri. A nan ake hura wuta, kowane matafiyi ya tsaya gabanta ya faɗi sunan duk wanda ya taɓa kwana da shi ba da aure ba. Jagoranmu, tsoho Apolinar, yana ƙulla kowane suna a igiya, a ƙarshe ya jefa igiyar a wuta, magana ta mutu. Ba a fushi, ba a kishi. Wanda ya ɓoye, hikuri ya ɓoye masa.

Ita dai kullum amsarta ɗaya ce: "Babu." Sai ta gyara zama ta taya mutane tuni.

"Kai Crescencio, mai wainar masara ta bakin tasha fa? Ko kuɗin masara ka je biya har gari ya waye?"

A kwashe da dariya, Apolinar ya ƙara ƙulli.

Mijinta Kawu Silverio mai goge ne, mutum mai sanyi kamar ruwan tulu. Da tsufa ya zo, sai kansa ya fara zubar da abubuwa. Ya manta hanyar gona, ya manta sunan karensa, daga baya ya manta da ita. In ta ajiye masa abinci sai ya rusuna ya ce, "Na gode, Inna. Ki gaida maigidanki."

"Zai ji," in ji ta, mu kuma mu yi dariya. Amma na taɓa samunta bayan rumbu tana kuka, kuma ranar na ji tausayinta har cikin raina.

Da lokacin tafiya ya zo ta kafe sai an tafi da shi. Aka ce ya tsufa. Ta ce, "Ba ku ce hikuri na buɗe ido ba? To ya buɗe masa ya ga wadda ke wanke masa wando." Wa ya isa ya ja da ita? Muka ɗora shi a mota.

A zango, da la'asar sakaliya, aka hura wuta. Kowa ya yi nasa, Gwaggo na gyara musu lissafi. Da aka zo kan Kawu, Apolinar ya so ya tsallake shi, sai ga tsoho ya miƙe da kansa.

"Akwai ɗaya," in ji shi.

Duk ido ya koma kan Gwaggo. Fuskarta ta ɗaure, ga shi ba damar fushi. Ta ce, "Faɗi, tsoho. Ashe kan naka bai zubar da na banza ba."

"Wata yarinya ce mai bakin tsiya," in ji Kawu, yana murmushi. "Na same ta tana wanki a rafi, ta ce gogena kamar kukan jaki. Shekarar nan masarar babanta ta yi tsawo sosai, ba a hango mutum a ciki. Eusebia sunanta. Na so in aure ta. Ban san wanda ya samu ba."

Wurin ya kece da dariya. Crescencio har da buga ƙasa. "Ashe, Gwaggo! Shekara da shekaru kina ce mana babu!"

"Rufe mini baki, ɗan tasha. Abin da aure ya rufe ba ya hawa igiya."

Amma Apolinar ya riga ya ƙulla. Ya ɗaga igiyar zai jefa, sai ta cafke wuyan hannunsa.

"Cire wannan."

"Eusebia, kin san al'ada."

"Na fi ka saninta. Abin da wuta ta ci ya tafi ke nan, ko ba haka kake faɗa ba? To shi kaɗai ya rage masa. In ka ƙona, da me zai san ni?"

Dariya ta ɗauke. Apolinar ya daɗe yana kallon wutar, sannan ya zaro wuƙa ya yanke ƙullin ƙarshe ya miƙa mata, ya jefa sauran. Ta ɗaure shi a tsintsiyar hannunta, tare da duwatsun adonta.

Washegari a hamada, ita ta fara gano hikuri kamar kullum. Ta yanke kan, ta tsaga, ta sa wa Kawu ɓari a baki. Ya yamutsa fuska don ɗaci, ya haɗiye, ya dube ta. Muka zuba masa ido.

"Na gode, Inna. Ki gaida maigidanki."

"Ya ji," in ji Gwaggo. "Ita ma Eusebia tana gaishe ka."

Fuskarsa ta washe. "Kin san ta? Har yanzu tana nan da bakin nan nata?"

"Har yanzu," in ji ta, tana goge masa haɓa da gefen mayafinta. "Ta ce gogen ma bai gyaru ba."