Bakin Lorene Sizemore

A wani ƙaramin gari cikin duwatsun Kentucky Lorene Sizemore ta tsufa tana gyara wa mata gashi. Ita da kanta takan ce almakashinta na hutawa ran Lahadi, amma bakinta ko a coci bai san hutu ba.

Cikin masu zuwa shagonta akwai Krista, matar wani direban motar kwal. Wata rana ana cikin wankin kai Krista ta fashe da kuka, ta ce mijin ya rantse sai ya kashe ta in ta sake zancen barin gidan. Lorene ta kulle shago ta raka ta kotu neman umarnin gaggawa da zai hana shi kusantarta. Alƙali ya ba da na wucin gadi, ya sa ranar zama.

Ranar zaman, Krista na haɗa ido da mijin muryarta ta ɗauke. Lorene kuwa ta miƙe ta fara zuba, tun daga ranar bikinsu. Lauyan mijin ya katse ta, ya tambaya ko da kunnenta ta ji barazanar. Ta ce a'a, gaya mata aka yi. Aka ce ta zauna, kotu ba ta aiki da "an ce". Umarnin ya faɗi, Krista ta kwashi 'ya'yanta ta koma wurin yayarta a Ohio.

Da majalisar jiha ta fara duba shawarar sassauta dokar, don alƙali ya iya sauraron abin da mace ta gaya wa wani a irin wannan zama, wata lauyar ƙungiyar mata mai suna Gail ta ɗauki Lorene zuwa gaban kwamiti. Lorene ta bi gari tana shelar cewa gulma ta samu ƙarin girma.

Ta fara bayani tsaf, sai wani dattijon ɗan majalisa ya leƙo ta saman tabarau.

"Malama Sizemore, duk abin da ake faɗa a shagonki gaskiya ne?"

"Ranka ya daɗe, in aka biye wa maganar shagona, rabin mazan garinmu a mota za su riƙa kwana. Har fastonmu."

Zauren ya kaure da dariya, Gail ta sunkuyar da kai. Sai a lokacin Lorene ta gane ta yi wa masu adawa aikinsu kyauta. Ta yi maza ta ce maganar Krista daban ce, ranar yarinyar karkarwa take yi har ruwan wankin kai na fallatsa, amma lokacinta ya ƙare, aka kashe mata lasifika.

Aka ɗage shawarar sai zaman baɗi. A hanyar gida Lorene ta yi kuka kaɗan, ta share, ta ce wa Gail da akwai adalci ita kanta Lorene ya kamata a ɗora wa umarnin hana ta kusantar majalisa. Gail ta ce baɗi da wata nas za su koma, ita za ta yi bayani, Lorene kuwa tuƙi ne aikinta. Lorene ta ce ta yarda, amma kada su sa ran shiru a hanya.