Mai Shayar da Dutse

Shekarar da aka zo gina gada a kan koramarmu, kudu da Zinder, aikin da ya faɗo mini shi ne ban ruwa, kuma kankare nake ba wa. Duk ƙafar gadar da aka zuba sai a naɗe ta da buhuna, ni kuma in bi ta da tiyo safe da yamma har ta yi ƙwari. Mutanen garinmu suka laƙaba mini Mai Shayar da Dutse. Ko a jikina. Gero ya ƙi a shekarar, da aikin nan nake ciyar da gida.

Ranar da za a zuba ƙafa ta huɗu, motar da ke kawo mana ruwa ta lalace. Shef ɗin shantiye, wato shugaban wurin aikin, mutum mai gajen haƙuri, ya ce in ja tiyo zuwa tafkin da ke gefe a kwaɓa da ruwansa. A bakin tafkin nan na tashi. Ruwan kanwa ne, ko garka ba ma ba shi, kuma da idona na ga ya cinye kwamin siminti da muka gina wa dabbobi. Na faɗa masa. Sai ya tambaye ni makarantar da na yi.

Na naɗe tiyon na zauna a kai. Ya ce in tashi ko in bar masa shantiye. Ba zan ɓoye ba, na san rumbuna wayam yake. Amma yayata a ƙetare take aure, ta kan gadar nan za ta riƙa zuwa gida. Na ɗebo ruwan a ƙoƙo, na wuce shef, na miƙa wa injiniyar da ke duba aikin, wata baƙuwa mai hular kwano.

"Madam, ɗanɗana kafin ki ba gadarki."

Ta kurɓa, ta tofar. Aka tsayar da zubi har aka gyara mota. Shef kuwa bai yafe ba, kafin sati ya zagayo ya sallame ni. Akuyoyin matata ne suka kai mu kaka. Na ji zafi, har yau ina ji.

Yanzu in motar kasuwa da na shiga ta hau gadar, ina isowa kan ƙafa ta huɗu nake buga gefen mota in ce, "Wannan tawa ce."

Fasinja su yi ta dariya. Su yi mana, ai a kanta suke yi.