Hayaƙin Gidan Dailesi

Mijin yayata, marigayi Layisoni, rani talatin da ɗaya ya yi a ɗakin gadin wuta da ke ƙololuwar dutsen saman ƙauyenmu, nan gefen garin Mulanje. Aikinsa kallo ne kawai. Kamfanin katako ya dasa itatuwa iya ganin ido, shi kuma aka ajiye shi can sama cikin ɗan ɗaki mai tagogi ta ko'ina, don ya hango hayaƙi kafin ya zama gobara. A tsakiyar ɗakin akwai faifan taswira mai lambobi a kewaye. In ya ga hayaƙi sai ya miƙe zare zuwa wajen, ya karanta lambar da zaren ya hau, ya murɗa tarho ya faɗa wa na ƙasa, su cika mota su tafi. Gidanmu lamba ɗari biyu da sha biyu ne. Ba zan manta da wannan lambar ba har in koma ga Allah, don a kanta yayata Dailesi ta ƙone yana kallo.

Daga Agusta, da yake a wajenmu rani ne, zuwa ruwan farko mai gadi ba ya saukowa, ko uwarsa ce ta mutu. Sai Dailesi ta ƙirƙiro dabararta tun tana amarya: kowace safiya ta zuba ɗanyen ganyen ayaba a garwashi, farin hayaƙi ya miƙe, ya san an kwana lafiya. Amma ba ta gaya masa tun farko ba, wai tana so ta ba shi mamaki. Mamaki kuwa ya sha shi. Ranar farko yana hango hayaƙin ya murɗa tarho, mota ta kwaso ƙarti talatin da sandunan bugun wuta, suka tarar da amarya a tsugune tana fifita ganye. Yayata ko a jikinta. Ta tuƙa musu nsima, tuwonmu na masara, suka ci suka tafi suna ƙyaƙyatawa.

Shekara goma sha biyu ba su bar shi ya sarara ba. Makwinja, mai kula da leburori, in ya ɗaga tarho sai ya ce, "To angon Dailesi, yau gobara ce ko tuwo ne ya nuna? Mu ɗauko sanduna ko mu wanke hannu?" Layisoni mutum ne mai gudun abin kunya. Yakan yi dariya a waya, amma in ya ajiye abin ya yini yana cin sa.

Ranar da abin ya faru, cikin Oktoba, zazzaɓi ya kwantar da Dailesi, mu kuma duk muna gonar shayi. Masu farautar ɓera suka cinna wa ciyawar bayan gida wuta, kamar yadda ake yi kowane rani, sai iska ta juya. Da hantsi Layisoni ya ga hayaƙi a lambarmu. Tun safe bai ga nata ba, sai ya ce a ransa yau makara ta yi. Ya ɗora hannu a kan tarho, ya tuna muryar Makwinja, ya janye. Minti ashirin yana tsaye, sai da hayaƙin ya yi baƙi sannan ya kira. Ko bayan nan bai sauko ba, don wutar ta shiga itatuwa, in ya bar taga babu mai gaya wa masu bugunta ta inda za ta ritsa su. Sai da yamma aka turo wani ya canje shi.

A bakin kabari na gaya masa maganar da har yau nake jin nauyinta. "Idon me gare ka? Kana hango hayaƙin taba can a garin Phalombe, ka kasa ganin matarka?" A wajenmu miji ke tarewa a ƙauyen matarsa, in ta rasu ya tattara ya koma wajen danginsa. Layisoni bai koma ba. Ya ɗauki buhun garinsa ya hau dutse, da damina ya sauko ya sake gina ɗakin da ya ƙone a inda yake.

Ni zuciyata saurin hawa gare ta, da saurin sauka. Da na huce tausayinsa ya kama ni, ga shi ban iya ba da haƙuri da baki ba. Da ranin ya zagayo sai na yanko ganyen ayaba na zuba a garwashi a tsakar gidansa. Na yi washegari, na yi jibi. Rani goma sha tara ina yi, ranar da na haihu ma sai da na sa aka yi. Bai taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban yi masa ba, amma a raina ina ganin na wanke kaina.

Daga baya wayar hannu ta cika gari, kamfani ya watsar da ɗakin gadin, Layisoni ya sauko gaba ɗaya, yanar ido ta rufe masa gani. Bara ya ji za a kwance ɗakin a kafa ƙarfen waya a wurin. Ya zo ya same ni ina ɓarar gyaɗa.

"Esinati, ki raka ni sama."

"Da waɗanne ƙafafun? Kai tsoho ni tsohuwa, wa zai ɗauko gawar wani?"

"Ke za ki ɗauko tawa. Bakinki kaɗai ya isa ya gangaro da ni."

Hanyar da yake ci a awa uku, awa bakwai ta ci mu. Wai ni ce 'yar jagora, amma shi ke ce mini, "Taka hagu, dutsen nan santsi gare shi." A bakin wata ƙorama ya nuna mini tsagin da ya cinye wa Dailesi takalmi ɗaya ranar da ta taɓa hawa, tana tafe tana zagin sa da duk danginsa. Na miƙa masa dafaffen dankali ya ce sai mun kai.

Mun tarar da rabin rufin ya tafi, gilasan duk sun farfashe. Faifan yana nan, tsatsa ta cinye lambobin. Tarhon kuwa an cire, sai ramukan ƙusa huɗu a bango. Bai laluba ba, kai tsaye ya je ya ɗora hannu a kansu.

Kafin mu taso na bar wa 'yata sallahu ta sa ganye in rana ta karkata. Ba mu daɗe ba kuwa hayaƙin ya miƙe. Cike da jin daɗin kaina na ce, "Yaya, ga hayaƙinka can!"

"Fari ne ko baƙi?"

"Fari mana."

"Ki ci gaba da kallo. In ya canja ki faɗa."

Har na fara dariya, sai na ga hannunsa na nan a bangon, leɓensa yana motsi.

"Me kake ƙirgawa?"

"Minti. Naki yakan ɗauke a na sha ɗaya, in kin cika ganye sha huɗu. Kullum a nan nake tsayuwa, hannuna a kan tarho. Ban taɓa sa komai a baki ba sai ya ɗauke."

Na zauna a ƙasa. "Shekara goma sha tara ina gana maka azaba? Kana da baki, ka kasa cewa in daina?"

"In kika daina, ƙanwata, wa ya rage mini a tagar nan?"

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a bakin kabari, ina share ido ina kallo, don ya ce in kalla. Sau biyu ya sake tambayata launinsa.

"Ya ɗauke, Yaya," na ce.

Sai a lokacin ya sauke hannunsa daga bangon, ya ce in miƙo masa dankalin.