Kawu Ya Sayar da Shago Don Ya Ceci Kamfanin Magani

Kawuna mai gyaran firij ne. Tun ina ƙarama na san shagonsa: tukwanen gas jere a gindin bango, ƙofofin firij a jingine, shi kuma a tsugune ya kafa kunne a jikin inji kamar likita. Mutum ne da ko reza zai saya sai ya yi ciniki. Shi ya sa da na dawo daga karatu na tarar da baƙuwar fuska a shagon, na ɗauka hanya na ɓata.

"Ai ya sayar," in ji mutumin. "Har da janareta."

Autar Kawu tana da sikila. Shekara biyu tana cikin gwajin wani sabon magani da wani ƙaramin kamfani ya ƙirƙiro, wani babba yana ɗaukar nauyi. Tun da ta fara karɓar allurar ba ta sake kwana a asibiti ba. Kwatsam babban ya janye, aka dakatar da gwajin, hannun jarin ƙaramin ya faɗi warwas.

Na sami Kawu a falon gidansa, fuskarsa wasai. Ya miƙo mini waya.

"'Yar boko, duba nan. Kawunki ya shiga kamfani."

Kuɗin shagon kaf ya zuba a hannun jarin ƙaramin kamfanin. Sai da na zauna.

"Kawu, riba kake nema?"

"Ribar me? An ce rashin kuɗi ne ya tsayar da su. To ga nawa. Da ɗaya-ɗaya ake cika kwando, su dai su ci gaba da yi wa Auta allurarta."

Na ce masa hannun jarin da ake saya a kasuwa, kuɗin ba kamfani yake zuwa ba. Aljihun wanda ya sayar yake shiga.

"Wane ne shi?"

"Wani da ya ga jirgi zai nutse ya yi tsalle."

"Ko kwalba ɗaya ba a saya da kuɗina ba?"

"Ko ɗaya, Kawu."

Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Daga ɗakin girki matarsa ta leƙo, ta kalle mu, ta koma.

Na ce har yanzu zai iya sayarwa ya tsira da wani abu, ko kayan aiki ya maido. Ya daɗe yana kallon wayar.

"In na sayar, wa zai saya?"

"Ba a sani, Kawu. Kowa ma."

"Wato wataƙila wani uba ne irina, yana zaton taimako yake yi."

Ya kife wayar a kan tebur, bai sayar ba. Yanzu a tsohon shagonsa yake aiki, ana biyan sa kullum da yamma.